Faci ya ƙi kama iproute2, make sai zubo kuskure yake, a taimaka

Nura Mai Kafe (Jega): Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu ke nan ina fama, na rasa inda zan sa kaina. Kafe ɗina kwamfuta 14 ne, duk suna shan intanet ta wata tsohuwar kwamfutar tebur da na mayar rawta. Ubuntu 18.04 ne a kanta. Da yaro ɗaya ya fara sauke fim shi ke nan kowa ya tsaya, mai cike fom sai ya danna ya naɗe hannu yana kallon ɗan zoben nan yana juyawa. Ping ɗin, wato ma'aunin jinkirin layi, da ke zama 60 sai ya haura 900. Wani ya ce in sa cake, shi ne ke raba layi daidai tsakanin kwamfutoci. Na gwada, tc, umarnin da ake saita shi da shi, ya ce:

`Unknown qdisc "cake", hence option "bandwidth" is unparsable`

Sai na sauko da tushen iproute2, kunshin da tc ke ciki, da `apt source`, wani abokina ya turo min facin (fayil ɗin gyaran tushen manhaja) da ke ƙara cake, na liƙa, na buga make don ya harhaɗa shi. Ga hoton abin da ya fito. Layin ƙarshe cewa yake Error 2.

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): Wa alaikumus salam. Malam Nura, hoton nan hasken taga ya cinye rabinsa, rabin da ya rage kuma ba shi muke nema ba. Error 2 sanarwar rasuwa ce kawai, ba ta faɗin ciwon da ya yi ajali. Kuskuren farko muke so, wanda ke can sama. Yi haka:

`make 2>&1 | tee sakamako.txt`

sannan `grep -n -i -m5 -E "error|not found" sakamako.txt`. Ka kwafo rubutun ka zuba nan, ban da hoto. Kada ka sa `-j4`, in ya haɗa aiki huɗu lokaci guda saƙonnin cakuɗewa suke.

Bashir Yauri: Oga Nura ya koma sana'ar faci ke nan? Ina da tayar babur biyu a gida 😂

Nura Mai Kafe (Jega): Bashir ka bari in fita daga wannan tukuna. Injiniya ga shi: `bison: Command not found`

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): To wannan ba ruwan faci. Kayan aiki ne ba su cika ba. tc na da wani sashe da sai bison da flex sun fara samar da fayilolinsa kafin gcc ya taɓa su. Maimakon ka riƙa tsintarsu ɗaya-ɗaya, tunda `apt source` ya yi maka aiki, layukan deb-src a buɗe suke, buga `sudo apt build-dep iproute2`. Zai kawo bison, flex, pkg-config, libmnl-dev, libelf-dev da sauransu a tafiya guda. Bayan nan ka sake `./configure`, domin abin da ya gani a karon farko shi ya rubuta ya ajiye, bai san ka ƙaro kaya ba.

Sadiq (Aliero): Ni ma na taɓa haɗuwa da irinsa amma nawa `db_185.h: No such file or directory` ya ce. libdb-dev ne ya rasa. Abin haushi saboda arpd ne, wata ƙaramar manhaja a cikin kunshin, wanda ko buƙatarsa ba ni da ita.

Nura Mai Kafe (Jega): An wuce bison, alhamdu lillahi. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu ja ne ya cika allo, sun fi talatin. Na farko:

`q_cake.c: error: 'TCA_CAKE_BASE_RATE64' undeclared`

Sauran duk TCA_CAKE kaza, TCA_CAKE kaza.

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): Talatin ɗin nan kuskure ɗaya ne ya hayayyafa. Sunayen TCA_CAKE a cikin pkt_sched.h suke zama, kuma iproute2 kwafinsa na kansa yake amfani da shi, wanda ke cikin foldar include, ba na /usr/include ba. Facin ya kamata ya taɓa wuri uku: ya ƙirƙiri q_cake.c, ya ƙara layi a tc/Makefile, ya ƙara sunayen nan a pkt_sched.h. Biyu sun shiga, na ukun bai shiga ba. Lokacin da ka buga patch, me ya ce maka?

Nura Mai Kafe (Jega): Gaskiya ban tsaya karantawa ba. Na ga ya dawo da ni layin umarni na ɗauka ya gama. Akwai mutum biyu tsaye a kaina suna jiran firintin.

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): `find . -name "*.rej"`

Nura Mai Kafe (Jega): Ya fito da pkt_sched.h.rej

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): Ga ɓarawon nan. patch ya faɗa maka Hunk FAILED, ya ajiye guntun da ya ƙi kamawa a .rej, ya ci gaba da sauran. Haka halinsa yake, ba ya tsayawa ya jira ka. Yanzu tambaya: ta wace hanya facin ya iso hannunka? Fayil aka turo, ko rubutu aka kwafo?

Nura Mai Kafe (Jega): Abokin nawa a burauza ya gan shi, ya kwafa ya zuba a Notepad, ya turo min ta WhatsApp.

Kawu Umaru (Argungu): Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Nura, nan anka yi ɓarnar. Shi faci ba lambar layi kaɗai yake bi ba, shina duba layi ukku na sama da ukku na ƙasa, sai sun yi daidai harafi da harafi kana ya liƙa. A pkt_sched.h layukan da tab anka tura su ciki. In mutum ya kwafo daga shafi, tab na iya rikiɗa ya koma sarari takwas. Ido ba ya rarrabe su, amma patch na rarrabewa. Shi ya sa q_cake.c ya shiga lafiya, sabon fayil ne, babu abin da za a gwada shi da shi. Makefile ma layukan wurin ba su da tab. Buga `cat -A` kan facin ka duba: tab na fitowa ^I, in kuma ka ga ^M a ƙarshen layi, wannan tsarabar Windows ce.

Nura Mai Kafe (Jega): Kawu Allah Ya ƙara girma. Babu ^I ko ɗaya. ^M kuwa kowane layi da nasa.

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): To share foldar nan gaba ɗaya ka sake buɗe sabuwa, kada ka liƙa faci kan rabin faci. Sannan gwaji tukuna, ba tare da ya taɓa komai ba:

`patch -p1 -l --dry-run < cake.patch`

`-l` ɗin nan cewa yake ya kawar da kai daga bambancin tab da sarari. In babu FAILED, cire --dry-run ka sake.

Bashir Yauri: Ni fa tambayata ɗaya. Duk wannan wahalar ta mece ce? RouterOS 7 na rawtocin MikroTik na da cake a ciki, danna-danna kawai za ka yi a Winbox, manhajar saita su. Ƙaramin akwati, ba fanka, ba ƙura, batirin inbata ya riƙe shi kwana. Waccan kwamfutar ka san wutar da take sha kuwa?

Nura Mai Kafe (Jega): Na sani Bashir. Amma ita ke riƙe da firinta da manhajar ƙidayar lokaci, ko na sayi akwatin ba kashe ta zan yi ba. Kuma kuɗin da zan sayi akwati yanzu na fetur ɗin janareto ne.

Hauwa'u (Zuru): Maganar Bashir ba ta faɗi ƙasa ba, amma ni abin da ya fi damuna 18.04 ɗin ne. Tun 2023 tallafinsa na kyauta ya ƙare. Na'urar da ke bakin ƙofa tsakaninka da intanet bai kamata ta zauna haka ba. Ka ɗaga ta, ko 20.04 ma da iproute2 5.5 ya zo, ya san cake tun daga gida. Ba faci, ba make.

Nura Mai Kafe (Jega): Anti Hauwa'u gaskiyarki ce. Amma rajistar JAMB ake yi, tun bakwai na safe yara ke layi a ƙofa. In na taɓa ta firinta ta ƙi tashi, na kashe kasuwata da hannuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan an rufe rajista in sha Allahu.

Hauwa'u (Zuru): Bara ma haka ka ce a nan gidan. Na ajiye wannan saƙon.

Nura Mai Kafe (Jega): 😅 Faci ya kama duka uku. make ya yi nisa sosai, q_cake.o ma ya fito, har na fara murna. Sai a ƙarshe:

`undefined reference to 'print_u64'`

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): Wannan wani iri ne daban, ka lura da shi. Na ɗazu gcc ne ke cewa bai san suna ba tun yana karanta fayil. Wannan kuwa an gama sassaƙa kowane guntu, an zo harhaɗa su su zama tc guda, sai aka nemi print_u64 aka rasa a duk gidan. In ka duba sakamako.txt za ka ga tun sama ya yi maka gargaɗi da implicit declaration. gcc 7 na 18.04 gargaɗi kawai yake yi ya wuce, daga gcc 14 ne aka mayar da shi kuskure mai tsayar da aiki. Ma'anarsa facin nan ba don 4.15 aka yanka shi ba. Don sabon iproute2 ne, wanda aka riga aka ƙara wa wannan aikin.

Sadiq (Aliero): Ai wannan mai sauƙi ne Anti. A buɗe lib/json_print.c, akwai macro da ke haifar da print_int da print_uint, a ƙara layi ɗaya na u64, a sa sanarwarsa a json_print.h. Minti biyar.

Kawu Umaru (Argungu): Sadiq, za ta yiwu, ban ce ba ta yi. Amma ka toshe wagga, mi ka sani ke bayanta? Tsakanin 4.15 da 4.19 sakin iproute2 huɗu ne, kowane da abin da anka canza. Wanda make zai kama da sauƙi, shi ka gyara. Wanda ba ya kamawa fa, ya harhaɗu lafiya amma ya riƙa nuna maka lissafin da ba daidai ba? Tayar da ta sha faci goma, ko mai facin cewa yake a sayi tib. Tun 4.19, a 2018, cake ya shiga iproute2 na asali. Mi ya sa muke ɗinka sabon hannu ga tsohuwar riga alhali ga riga ɗinkakka a kernel.org? A sauko da 5.5.0 cikakke, a buga configure da make, babu faci ko ɗaya.

Sadiq (Aliero): Kawu amma ta haka ake koyo. In kullum gudun kuskure ake, yaushe za a san cikin abin?

Kawu Umaru (Argungu): Awo, ka koya bisa laftop ɗinka, ni ma haka na koya, na kwana ina harhaɗa kanel, wato zuciyar Linux, don in samu HTB, wani mai raba layi, zamanin Linux 2.4. Amma wagga na'ura abincin gidan Nura ce.

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): Ina bayan Kawu. Laifina ne ma, tun farko ya kamata in tambayi dalilin facin, sai na biye wa kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Sabon tc na aiki da tsohon kanel ba matsala, ba dole lambobinsu su zo ɗaya ba. Sadiq, wanda zai ba ka aikin koyo na gaske shi ne ka ɗauki tsohon tushe irin na shekarun nan ka harhaɗa a sabuwar kwamfuta. Daga gcc 10 na 2020 aka mayar da -fno-common ya zama na asali, tsofaffin manhajoji da yawa sai ka ga multiple definition na zubowa a wurin harhaɗawa. Ka je ka yi wasa da wannan.

Sadiq (Aliero): To shi ke nan. Amma Yaya Nura kada ka ɓata data, laftop ɗina 22.04 ne, tc ɗinsa ya san cake. Na tura maka fayil ɗin ta bayan gida, ka gwada kawai.

Nura Mai Kafe (Jega): Na gode ƙanena, amma ya ƙi: `error while loading shared libraries: libbpf.so.0`

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): Kada ma ka tafi neman libbpf. Ko ka samo shi, glibc, babban laburaren da manhajojin tsarin ke dogara da shi, zai tare ka a gaba. Na Sadiq 2.35 ne, naka 2.27. Abin da aka harhaɗa a tsohuwar na'ura yakan tashi a sabuwa, amma daga sabuwa zuwa tsohuwa ba ya yi. A kan na'urarka za ka harhaɗa. Tushen ma ko megabait ɗaya bai cika ba in ka ɗauki na .tar.xz.

Kuma ka saurare ni da kyau a nan: kada ka buga `make install`. Zai danne ip da ss da tc na tsarin, ranar da apt ya taɓa kunshin kuma a sake danne naka, ka rasa wanne ke aiki. Fayil ɗaya kake so:

`sudo cp tc/tc /usr/local/sbin/tc`

Nura Mai Kafe (Jega): Ikon Allah. 5.5.0 ya harhaɗu tas, ko tari bai yi ba. Kwana biyu na ɓata a banza. Na kwafa, amma `tc -V` har yanzu ss180129 yake nunawa.

Hauwa'u (Zuru): bash ne ya haddace tsohuwar hanya. `hash -r` ko ka rufe tagar ka buɗe wata. Ya kamata ka ga ss200127.

Nura Mai Kafe (Jega): Ya nuna. Na buga umarnin cake, Unknown qdisc ya tafi, amma ga sabo:

`RTNETLINK answers: No such file or directory`

Wane fayil kuma yake nema? Wallahi na fara gajiya.

Kawu Umaru (Argungu): Ba fayil ba ne. Turo `uname -r` da `modinfo sch_cake`.

Nura Mai Kafe (Jega): 4.15.0, modinfo kuma ya ce bai samu ba.

Kawu Umaru (Argungu): To ga tambayar da munka manta tun safe, mu duka. tc ɗan aike ne kawai. Shi ke ɗaukar maganarka ya kai wa kanel, kanel ke tsara layin fakiti. Ɗazu ɗan aiken ne bai san kalmar ba, shi ya sa yac ce Unknown qdisc. Yanzu ya iya ta, ya kai saƙo, maigidan yac ce ba ni da wanga kaya. sch_cake a Linux 4.19 ya shiga, naka 4.15 ne. Da ma facin ya yi nasara tun jiya, nan za ka zo ka tsaya.

Sadiq (Aliero): Akwai sch_cake na waje a GitHub, wanda su Dave Täht suka riƙa amfani da shi kafin a karɓe shi cikin kanel. A sa linux-headers a harhaɗa module ɗin.

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): Sadiq kai da harhaɗawa 😄 Zai yi, amma duk ranar da kanel ya canza sai an sake, sai dai in an ɗaura shi a DKMS, mai sake harhaɗa shi da kansa. Ga hanya mai sauƙi: 18.04 na da sabon kanel da ake kira HWE, 5.4, cake na ciki.

`sudo apt install --install-recommends linux-generic-hwe-18.04`

Tsohon kanel ba ya gogewa. In sabon ya ƙi jituwa da katin intanet ko firinta, riƙe Shift lokacin tashi, GRUB zai fito, ka shiga Advanced options ka zaɓi 4.15. Wannan kam yana da nauyi, ka bari sai dare. Kuma ka tabbata inbata na da caji, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar sakawa.

Bashir Yauri: Da akwatina ne da tuni an sha shayi an kwanta.

Nura Mai Kafe (Jega): Barkanmu da safiya. Na jira har bayan isha'i da na sallami yaro na ƙarshe. Na fara buɗe murfin na hure ƙurar da ta toshe fanka, har da gawar ƙadangare ƙarami a gefen katin. Na saka, na sake kunnawa gabana na faɗuwa. 5.4 ya tashi, firinta ta yi gwaji lafiya, modinfo ya ga sch_cake. Umarni ya shiga shiru babu ƙorafi. Amma fa na sa shi a katin da ke fuskantar modem, na ce yaron shagona ya sauke babban fayil, ping ya sake haurawa 700. Me kuma na yi?

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): Barka da asuba. Ba ka yi laifi ba, rabi ka yi. cake abin da ke fita daga kati yake tsarawa. A katin modem, abin da ke fita shi ne wanda ake ɗorawa sama. Saukewa kuwa shigowa take. Mai kati ɗaya sai ya bi ta ifb, wani katin da babu shi a zahiri, amma kai biyu gare ka: duk abin da yara ke saukewa ta katin cikin kafe yake fita zuwa gare su, sai ka tare shi a can.

Katin modem: `tc qdisc replace dev enp2s0 root cake bandwidth 4mbit nat dual-srchost`

Katin kafe: `tc qdisc replace dev enp3s0 root cake bandwidth 17mbit dual-dsthost`

Ka canza sunayen kati da lambobin su dace da naka. `nat` na wajen modem ne, don ya gane kowace kwamfuta duk da adireshi ɗaya suke fita da shi. Lambar kuma dole ta gaza abin da layinka ke bayarwa da gaske, kamar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari. In ka sa ta sama, cunkoson a cikin modem zai taru, inda cake ba shi da iko.

Kawu Umaru (Argungu): Kuma ka auna da la'asar, ba da asuba ba. Layin waya ne, ba faiba ba. Da asuba kai kaɗai ke bisa eriya, bayan la'asar Jega duka ta hau.

Hauwa'u (Zuru): Nan ne ni ban gamsu ba Kawu. In ya ɗaure a lambar yamma, da safe yana zubar da rabin abin da ya biya. Masu OpenWrt na da cake-autorate, yana auna jinkiri yana ɗaga lambar yana saukewa da kansa.

Kawu Umaru (Argungu): Mai cike fom ba ya buƙatar megabit ashirin, buƙatarsa in ya danna ta amsa. Ya fara da lamba guda ya ga kamun ludayinta. In ya matsu, cron, mai gudanar da umarni bisa lokaci, ya canza ta sau biyu a yini da `tc qdisc change`.

Nura Mai Kafe (Jega): Na auna sau uku. Da safe 21 na samu, yanzu ƙarfe biyar 12. Na sa 10mbit a katin kafe. Yaro na sauke fim a kwamfuta ta 6, mutum tara na cike fom, ping na yawo tsakanin 70 da 95. Ba wanda ya ɗago kai ya kira ni. Shi mai fim ne kaɗai ya zo yana cewa yau intanet ba ta gudu. Allah Ya saka muku da alheri, Injiniya, Kawu, Anti Hauwa'u, Sadiq. Bashir kai ma, albarkacin zumunci.

Bashir Yauri: Amin. Tayoyina na nan dai.

Injiniya Hajara (Birnin Kebbi): Amin. Kafin ka tashi, umarnin nan biyu ba sa tsira in na'ura ta mutu. Ka zuba su a ɗan fayil, ka rubuta cikakkiyar hanya /usr/local/sbin/tc a ciki, ka sa systemd, mai tayar da ayyuka lokacin kunnawa, ya kira shi bayan katunan sun tashi. In ka rubuta tc kawai yana iya ɗauko tsohon.

Nura Mai Kafe (Jega): Kin makara Injiniya, yanzun nan aka ɗauke wuta, inbata ta yi ƙara biyu ta mutu. Bari in tayar da janareto, sai ki nuna min yadda ake rubuta fayil ɗin systemd ɗin.